Mai Bin Sawun Mai Gatari

Karatu: Yohanna 15:1-8, Ayuba 14:7-9

   Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya buɗe Bisharar Yohanna sura 15, ya karanta daga aya ta 1 zuwa ta 8, ya kuma sa yatsa a wurin, gama za mu komo gare ta. Amma kafin nan muna roƙo ku biyo mu zuwa wani daji.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A watan Yuni na 2023 Allah ya buɗe mana hanya, mu fastoci uku, muka je wani ɗan gajeren kwas a birnin Kantabari, a yankin Kent na ƙasar Ingila, kamar mil 60 daga Landan. Wanda ya karanta tarihin ikilisiya ya san sunan wannan birni. Nan ne Agustin ya sauka a shekara ta 597, sa'ad da Fafaroma Giregori ya aiko shi daga Roma ya kai wa Ingilishi bishara. Mun ga babbar majami'a, mun ga kaburbura na sarakuna da na bishop-bishop, mun ɗauki hotuna. Amma wa'azin da ya bi mu har gida, ba a cikin majami'ar muka ji shi ba.

Mai masaukinmu wani dattijo ne na ikilisiya, ya ba shekara 70 baya. Muna kiransa Baba, yana kuwa jin daɗin sunan. Ran Asabar da safe ya ce, "'Ya'yana, ku sa takalman tafiya, yau zan kai ku daji." Muka ce, "Baba, me za mu gani a can?" Ya ce, "Malam-buɗe-littafi." Muka dubi juna. Mu da muka tashi a ƙauye, muka yi kiwo, muka kori malam-buɗe-littafi da hula muna yara, a ce mun ƙetare teku domin mu gan shi? Ƙasar Birtaniya duka irinsa bai wuce 60 ba, alhali a Nijeriya akwai fiye da iri 1,000, ba kuwa wanda yake ɗaga kai ya dube su. Amma baƙo ba ya musu da mai gida. Muka shiga mota.

Sunan dajin Bilin. Yana arewa da birnin, tsakanin Kantabari da bakin teku, faɗinsa ya fi murabba'in mil 11, yana kuma cikin manyan tsofaffin dazuzzukan da suka rage a Ingila. A can ba kowane daji ake kira tsohon daji ba. Sai wanda aka tabbatar itatuwa suna rufe da shi tun daga shekara ta 1600 ba yankewa, ba a taɓa mai da shi gona ba. Irin wannan daji bai wuce kashi biyu da rabi cikin 100 na ƙasar Birtaniya ba. Abin da ya ceci Bilin kuwa shi ne rashin kyan ƙasarsa: yumɓu ne mai nauyi, da ruwa ya yi caɓi, da fari ya tsattsage, garma ba ta jin daɗinsa, sai manoma suka ƙyale shi. Shekaru ɗaruruwa yawancinsa mallakar ikilisiya ne, wato babbar majami'ar Kantabari da gidajen 'yan zuhudu, har wa yau ma akwai sashen da ake kira Dajin Ikilisiya.

An fitar da hanyoyin ƙafa a cikinsa, kowace da launin fentinta a jikin turaku, domin kada mutum ya ɓata. Gajeriyar kamar mil 1 ce, doguwar kuwa ta kai mil 8. Baba ya nuna mana tsofaffin ganuwoyin ƙasa da ramuka waɗanda mutanen dā suka yi domin raba iyaka. Ya ce akwai ma wata tsohuwar hanya mai tudu dama da hagu wadda makiyaya suke kora dabbobi ta ciki su ratsa dajin ba tare da sun yi ɓarna ba. Muka ce, "Baba, ai wannan burtali ke nan, muna da shi a gida."

Da fari hanya ta bi da mu ta ƙarƙashin manyan itatuwa. Dogaye ne, rassansu sun haɗu a sama kamar rufin majami'a, ga sanyi, ga shiru. Ɗaya daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, gonar Adnin ke nan!" Baba ya bari muka gama yabo, sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, kun dubi sama. Yanzu ku dubi ƙasa." Muka duba. Busassun ganye ne kawai. Ba fure, ba ciyawar kirki, ba ƙaramin itace mai tasowa. Malam-buɗe-littafin da muka zo dominsa, ko ɗaya babu.

Muka ci gaba kamar rabin sa'a, sai hanya ta fito da mu wani fili. Abin da muka gani ya ɓata mana rai. An sare itatuwa kusan duka, sai 'yan tsiraru da aka bari tsaye jefi-jefi. Kututture ko'ina, ga guma-gumai an jera su a gefen hanya. Mu da muka ga yadda dazuzzukan garuruwanmu suka ƙare a buhunan gawayi, muka ce, "Wayyo Baba, ashe masu ɓarna sun iso nan ma? Ina hukuma?" Baba ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Ya ce, "Ni da abokaina muka taya saran nan, hunturu biyu da suka wuce. Ku zauna a kan gungumen nan, ku jira gajimaren can ya wuce."

Muka zauna. Da rana ta fito, sai ƙasa ta soma motsi. Ɗaya ya tashi, biyu, goma, har muka daina ƙirga. Ƙanana ne, in ya buɗe fikafikai bai fi santimita 4 zuwa 5 ba, launinsa ruwan goro da zane baƙi-baƙi kamar saƙar tabarma. Ba sa tashi sama, sai dai su yi ta shawagi kusa da gwiwar mutum, su sauka a kan fure, su buɗe littafinsu, su rufe. Baba ya rage murya ya ce, "Wannan yana cikin waɗanda suka fi wuyar gani a ƙasarmu. Kakanninmu sun ba shi suna." Sunan, in an juya shi da Hausa, shi ne mai bin sawun mai gatari.

Ga dalilin sunan. Tun zamanin dā mutanen wurin ba sa tumɓuke itace. Sukan raba daji kashi-kashi, kowane hunturu su sare kashi ɗaya daf da ƙasa, su bar kututture da saiwarsa. Da bazara sai kututturen ya yi toho, sanda goma ko ashirin su fito daga gindi ɗaya. Bayan kamar shekara 15 sai a komo a sake sara. Daga nan suke samun turakun shinge, da itacen wuta, da gawayi, da ɓawon jima, kamar yadda majemanmu suke aiki da bagaruwa. Wanda ya taɓa datse zogale a bayan gida ya san abin. Abin mamaki kuma, kututturen da ake sara a kan kari yakan daɗe a duniya fiye da ɗan'uwansa da gatari bai taɓa ba. Baba ya nuna mana wani gindi mai faɗi kamar ɗakin kwana, ya ce an sha saransa tun kafin a haifi kakansa, ga shi kuwa da ganye shar.

Sa'ad da aka sare kashi ɗaya, rana takan kai ƙasa. Sai wata 'yar ciyawa mai ƙananan furanni rawaya ta yaɗu, tururuwan daji ne kuwa suke ɗaukar irinta su kai shi wuri-wuri. A dajin nan ganyen wannan ciyawa shi ne abincin tsutsar malam-buɗe-littafin. Macen takan zuba ƙwai da yawa wuri ɗaya a ƙarƙashin ganye. Tsutsotsin su fito su ci, in sanyi ya shigo su shige cikin busasshen ganye da ya naɗe, su kwana a ciki hunturu duka. Da bazara su sake ci, su rufe kansu, sa'an nan wajen watan Yuni su fito da fikafikai. Kwanakin tashinsu ba su cika wuce 10 ba. Shekara ta biyu da ta uku bayan sara, nan ne sukan fi yawa. Daga nan toho ya yi tsawo, inuwa ta rufe, ciyawar ta mutu. Shi kuwa ba mai ƙarfin fiffike ba ne, ba ya iya dogon zango. In ba a sari wani fili kusa ba, in kuma ba wata hanya mai faɗi mai rana da za ta kai shi can, zuriyarsa ta ƙare a wurin ke nan. Domin haka ne ake faɗaɗa hanyoyin da muke tafiya a kai. Hanyar mutane ita ce burtalin malam-buɗe-littafi.

Yanzu ku kasa kunne ga abin da ya faru. A cikin ƙarni na 20 mutane suka koma kwal da gas da lantarki da shingen waya, sai sana'ar sara ta mutu a yawancin dazuzzukan Ingila. Gatari ya yi shiru. Mai gani daga nesa sai ya ce daji ya huta. Amma daji ya yi duhu, mai bin sawun mai gatari kuwa ya rasa sawun da zai bi. A 1979 wani irin malam-buɗe-littafi shuɗi ya ƙare ƙaf a Birtaniya, sai daga baya aka sake kawo irinsa daga Suwidin, mutane suka ce wannan ne zai bi bayansa. Dokar 1981 ta hana kama shi, amma doka ba ta kawo hasken rana. Wani masani mai suna Martin Warren ya bi diddiginsa a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa abin da yake kashe shi inuwa ce. Har a wuraren da aka keɓe domin kare shi yana raguwa, gama masu kariyar sun hana sara. Da aka gane haka, sai aka komo da gatari bisa tsari, ya kuwa farfaɗo. A watan Yuli na 2022 ma aka saki wani irin ɓauna na Turai a wani sashen dajin da aka kewaye, domin su ɓare ɓawo, su karya rassa, su buɗe wa rana hanya.

'Yan'uwa, ku riƙe wannan: mutanen da suka kewaye daji suka hana gatari, ba maƙiyan malam-buɗe-littafi ba ne. Masoyansa ne. Ƙaunarsu ce ta kusa kashe shi.

Muna zaune a kan gungumen nan sai muka tuna da 'yan'uwanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne na kututturen itatuwan da aka sare tun tuni, saiwarsu tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai manoma suka koyi zaɓen sanda kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kāre waɗanda suka bari. Suka kira shi sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kamar miliyan 200 suka komo a kan hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar. Ashe abin da Baba yake nuna mana a Ingila, manomin Maraɗi ya san shi da hannunsa: akwai saran da yake kashewa, akwai kuma saran da yake rayarwa.

Bari mu komo inda muka sa yatsa. A daren da za a bashe shi, Ubangijinmu ya kwatanta kansa da kuringar inabi, almajiransa da rassa, Ubansa kuwa da manomin da yake lura da ita. Ku lura da kyau, wuƙar manomin ba ta tsallake kowa ba. Reshen da ba ya 'ya'ya ana cire shi. Reshen da yake 'ya'ya kuma ana datse shi, domin 'ya'yansa su ƙaru. Da yawa daga cikinmu muna tsammani in muna tafiya daidai da Allah, wuƙa ba za ta zo kusa da mu ba. Ba haka Yesu ya koyar ba. A makarantar tauhidi an nuna mana cewa a Helenanci, harshen da Yohanna ya yi rubutu da shi, kalmar datsewa a aya ta 2 da kalmar tsabta a aya ta 3 tushensu ɗaya ne. Wato datsewar Uba tsarkakewa ce, ba fushi ba. Ayuba ma, yana zaune cikin toka, ya dubi kututture ya ga akwai bege gare shi, gama in ya ji ƙanshin ruwa zai sake tohuwa.

Watakila kai mai sauraro an sare wani abu a rayuwarka. An sauke ka daga aiki, ko ciniki ya karye, ko an yi maka canji daga babbar ikilisiyar birni zuwa ƙauyen da ba ka taɓa jin sunansa ba. Ke 'yar'uwa, watakila abin da kika dogara gare shi shekara da shekaru ya tafi. Kana duban rayuwarka kamar yadda muka dubi filin nan, kana cewa masu ɓarna sun iso. Ba mu ce ba zafi. Kututture sabon sara ba shi da kyan gani, shekarar farko kuwa ba abin da za ka nuna wa mutane. Amma tambayar ita ce, saiwar tana nan? In kana manne da Almasihu, ba a gama da kai ba. Zauna a kan gungumen, ka jira gajimare ya wuce.

Amma akwai magana ta biyu, ita ce ta fi yi mana nauyi, gama da mu shugabanni take. Sa'ad da muke komowa ta ƙarƙashin manyan itatuwan nan masu inuwa, ba wanda ya yi magana a cikinmu. Kowa ya gane hoton wa yake gani.

Bari mu faɗi laifinmu a fili. Akwai wata ikilisiya da muka yi wa hidima shekara 11. Mu ne wa'azin safe, mu ne na yamma, mu ne addu'ar Laraba, mu ne ajin baftisma, ko kujera za a saya sai an jira mu dawo daga tafiya. Mutane suna yabonmu, suna cewa fastonmu ba ya gajiya, mu kuwa muna jin daɗi. Wata rana wani saurayi, malamin firamare, mai ƙaunar Maganar Allah, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba Fasto, ina roƙo a ba ni addu'ar Laraba ko sau ɗaya a wata in gwada." Muka ce masa, "Ɗana, ka ƙara haƙuri, lokacinka bai yi ba." Bayan shekara ya sake zuwa, muka ba shi amsa iri ɗaya. Bai zo na uku ba. Ba faɗa, ba gardama, sai dai kujerarsa ta zama wofi, abokansa kuma suka bi shi ɗaya-ɗaya. Muka hau bagade muka yi wa'azi a kan taurin kan 'yan zamani. A dajin Bilin ne Ubangiji ya nuna mana cewa ba taurin kai ya kore su ba. Inuwarmu ce. Muna tsammani muna kāre ikilisiya, ashe mun hana rana kaiwa ƙasa.

Ku duba ikilisiyoyinmu. Akwai inda ma'aji ɗaya yake riƙe da littafin kuɗi shekara 25. Akwai inda shugabar zumuntar mata ba ta canja ba tun ana ɗaura wa matan da suke kaka yanzu aure. Akwai inda shugaban matasa yake da furfura da jikoki. Mutanen kirki ne, ba ɓarayi ba, sun kuwa yi wahala domin aikin. Daga nesa ikilisiyar tana da kyau kamar rufin dajin nan. Amma ku dubi ƙasa. Wa yake tasowa?

A Littafin Ƙidaya sura 8, daga aya ta 24 zuwa ta 26, Allah ya ba Musa tsari domin Lawiyawa: su shiga aikin alfarwa suna da shekara 25, su sauka daga nauyin aikin suna da shekara 50, daga nan su zama masu taimakon 'yan'uwansu. Mu da muke magana da ku mun wuce 50, saboda haka wannan aya ba ta yi mana daɗin karantawa ba. Ba muna cewa kowane mai shekara 50 ya ajiye aiki gobe ba, gama ba a ƙarƙashin dokar alfarwa muke ba. Amma ku ga hikimar Allah: bai jira Balawe ya mutu a kan aiki kafin a ba wani ba, bai kuma kore shi daga alfarwa ba. Ko a filin da aka sare a Bilin, an bar waɗansu manyan itatuwa tsaye, da tazara a tsakaninsu. Ana bukatar dattawa. Abin da ba a bukata shi ne rassansu su haɗe har su rufe sama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai mu yi hankali, kada wani ya ɗauki wannan magana ya mai da ita makami. Ba kowane mai gatari ne manomi ba. Mai lura da daji yana sara a lokacin da ya dace, kashi ɗaya a shekara, yana barin saiwa, yana kuma komowa ya kāre tohon daga bakin dabbobi. Mai ɓarna kuwa yana sara dare ɗaya, ya ƙone kututture, ya tafi. Saurayin da yake tara ƙungiya domin ya kunyata dattawa a taron ikilisiya, ba aikin Uba yake yi ba. Haka kuma, ku 'yan'uwa da aka ƙone muku gidaje, ko aka kashe muku naku, ko aka raba ku da gonakinku, ba za mu tsaya a nan mu ce muku wannan datsewar Allah ce ba. Mugunta mugunta ce, Allah kuwa zai shari'anta ta. Abin da muke iya faɗa muku shi ne, ko inda mugu ya sara, bai iya kai hannunsa ga saiwa ba, Allahnmu kuwa ya san yadda zai fito da toho daga wurin da mutane suka fid da zuciya.

To, me za mu yi a wannan mako? Kai fasto, kai dattijo, ke uwar zumunta, zauna ka rubuta ayyukan da suke hannunka. Zaɓi ɗaya, ba duka ba, ka miƙa wa wani na bayanka kafin watan nan ya ƙare. Kada ka ba shi sa'an nan ka tsaya a kansa kana gyara kowace kalma. Zai yi kuskure, kamar yadda ka yi a naka farkon. Ka bar hanya a buɗe tsakaninka da shi, ya zo ya yi tambaya ba tare da tsoro ba. In kuma akwai wanda inuwarka ta kora, neme shi. Mu mun nemi malamin nan bayan mun dawo, muka same shi a wani gari, muka roƙi gafararsa. Ya yafe mana, amma shekarun da suka wuce ba su komo ba. Kada ku jira har ku ƙetare teku kafin ku koyi abin da muka koya a makare.

Annabi Ishaya, a sura 11, ya dubi gidan Dawuda a lokacin da ya zama kamar itacen da aka sare, ya ga toho zai fito daga kututturen Yesse. Wannan toho shi ne Yesu Almasihu. Shi kansa an sare shi a kan gicciye, aka sa shi a ƙasa, maƙiyansa suka ce an gama. A rana ta uku ya tashi, mu duka kuwa da muke jin wannan magana rassansa ne. Wanda ya bi ta wannan hanya dominmu, za mu iya amincewa da wuƙar da take hannun Ubansa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai gonar, mu rassa ne kawai. Mun gode maka domin halittarka da take koya mana, har ƙaramin malam-buɗe-littafi. Ka gafarta mana inda muka tsare wa waɗansu haske muna cewa hidima muke yi. Ka ba dattawanmu zuciyar sakin abin da ya kamata su saki, ka ba matasanmu tawali'u da haƙuri. Ka ta'azantar da waɗanda suke zaune yau a kan kututture, ba su ga toho ba tukuna. Ka riƙe mu manne da Ɗanka, domin mu ba da 'ya'ya masu dawwama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da ku duka.